Wasiƙa zuwa ga aminina a Kentaki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyi?

Ka ce tunda hunturu ya kama, ka daina kula da labarin hadari. Hankalina bai kwanta da wannan ba. A wajenmu da an shiga hunturu sai hazo da ƙura, babu tsawa sai damina, amma kudancin Amurka ba haka yake ba. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga Tekun Meziko, ta yi karo da mai sanyi daga Kanada, ga iskar can sama ta fi ƙarfi a wannan lokaci. Idan ta ƙasa da ta sama suka saɓa wajen gudu da alkibla, sai hadarin ya fara juyawa, ya haifi mahaukaciyar guguwa mai juyawa, wadda suke kira "tornado". Wadda ta afka wa garin Mayfield na jiharku a daren 10 ga Disamba 2021 ta yi tafiyar fiye da kilomita 260 a ƙasa, ta kashe fiye da mutum 50.

Ta hunturu ta fi mugunta don sau da yawa cikin dare take zuwa, ruwan sama ya lulluɓe ta, ba a ganinta. Kada ka dogara da jiniyar gargaɗi ta gari, don na waje aka yi ta, mai barci ba lallai ya ji ba. Ka sayi rediyon yanayi mai batir, wanda ke sanar da gargaɗin hadari, kuma kada ka kashe ƙarar wayarka da dare.

In a sanarwar yanayi an ce "watch", shiri ne, wato guguwar na iya zuwa. In an ce "warning", ta sauka ko na'ura ta hango ta, kuma da wuya ka samu fiye da minti 15. Ku sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. In babu, sai banɗaki ko lungun tsakiyar gida a hawan ƙasa, inda babu taga. Ku rufa da katifa, yara su sa hular kwano, domin tarkacen da ke tashi shi ke kisa. Kowa ya sa takalmi sau-ciki saboda ƙusa da gilashi. Buɗe tagogi ɓata lokaci ne kawai. Gidan tafi-da-gidanka kuwa, irin wanda ake iya ja da mota, a bar shi tun ana "watch". In a hanya ta same ka, kada ka fake ƙarƙashin gada, iska ta fi ƙarfi a nan. Nemi gini mai ƙwari.

Don Allah ka nuna wa uwargida wurin fakewar tun yau, ko da kana wurin aiki abin ya zo. Ka gaishe ta da yara. Allah ya tsare.

Wassalam,
Amininka