Wayoyin yanzu ba sa tsufa, mutuwa suke yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan kukan tsadar waya da ake ta yi. Ni gyaran waya nake yi a titin Ahmadu Bello a nan Jos, bana shekarata 16 ke nan a kan tebur. Na fara ina yaron shago, ina share ƙura da sayo wa maigida abinci daga Taminus, a zamanin da ake yayin Nokia da BlackBerry da 'yan Chana masu eriyar talabijin.

Tsada kam akwai ta, ba mai musu. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, da aka sake ta, cikin 2024 ta haura 1,500. Kusan duk abin da ke kan teburina, daga sikirin har ɗan ƙaramin kusa, daga Chana yake tasowa, ya sauka Legas, ya bi ta kasuwar waya ta Ikeja, sannan ya hau mota zuwa Jos, kowa ya ɗora nasa. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, to a nuna min sabuwar waya ta kirki da ma'aikaci zai ɗauka da albashin wata guda. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarda a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk wannan an faɗa an maimaita. Abin da ban ji ana faɗa ba shi ya sa na ɗauki biro.

Mai saye ya kan tambayi abu uku: nawa ne, kyamararta nawa, giga nawa ce. A shekarun nan duka ban taɓa jin wanda ya ce wa mai shago "shekara nawa za ta yi min?" ba. Alhali nan kuɗin yake.

Akwai wata baiwar Allah da ke sarin dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada, tana aikawa Kano da Abuja. Duk cinikinta a waya yake: hoton kaya, alat na banki, kiran direba. Watan jiya ta zo min da wayarta ta uku cikin shekara huɗu, batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya kamar burodi. Na ce, "Hajiya, wannan fa sai haƙuri." Ta ce, "Kai ɗan nan, kullum haƙuri? Ku masu gyara ku ne kuke kashe mana waya don mu dawo." Ban ji haushi ba, na saba. Na jawo takarda muka haɗa kuɗin wayoyin uku, da sikirin biyu da ta canza, da cajojin da ba ta san adadinsu ba. Da ta ga jimla sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe da na haƙura na sayi mai tsadar tun farko." Amma da wane kuɗi? Mai jari a buhun dankali ba zai iya zare dubu ɗari huɗu a rana ɗaya ba, sai dai ya riƙa biyan ta gutsure-gutsure a kan wayoyin da ba sa kai labari. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni a wurin aikina na ga ta wuce nan, araha ta fi cin kuɗi.

Bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, tun da ni nake buɗe su. Da, idan batir ya gaji, mutum da farcensa zai ɓare murfi, ya sayi wani ya saka, ko sannu bai ce min ba. Yanzu an like komai da gam. Kafin in kai ga batir sai na hura wa wayar zafi, in bi gefenta a hankali da ɗan siririn ƙarfe, ina addu'a kada murfin gilas ya tsage. Sikirin kuma an haɗe gilashin sama da allon ciki da wurin taɓawa sun zama abu guda, ƙaramar tsaga sai a ce a canza duka. Orijina ba ya samuwa, in ya samu kuɗinsa ya kusa rabin wayar. Sai mu saka kwafi, bayan wata uku ya fara rawa shi kaɗai kamar mai aljanu, mai waya ya dawo ya ce mun cuce shi. Ƙara da irin wutarmu, a kawo a ɗauke, a yi caji da janareta a shagon masu caji, ga ƙurar hunturu da ke toshe bakin caji. Waɗanda suka zana wayoyin nan siriri kamar faifai ba su taɓa zama a Gangare ko Rikkos a watan Disamba ba.

Kuma ba kuskure ba ne, tsari ne. Apple ya cire ramin abin sauraro a 2016, ya daina saka kan caja a kwali a 2020, sauran kamfanoni suka yi masa dariya, daga baya manyansu suka bi sahu. A 2017 ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyinsa idan batir ya yi rauni, Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu saye ba. Tarayyar Turai ta tilasta wa kowa amfani da bakin caji iri ɗaya daga ƙarshen 2024, shi ya sa iPhone 15 ta zo da irin na kowa. Wato can idan aka tsawata, suna ji. Mu nan wa ke tsawatawa?

In yi adalci, Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, sun san mu. Su suka gane muna son layi biyu, da babban batir, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata yadda take, har Hausa suka saka a cikin wayoyinsu. Ba don irinsu ba da mutane da yawa har yau suna kan ƙaramar mai tocila. Amma maganar daɗewa ta shafi kowa. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai suna sabunta manhajar manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24. Wayar talaka fa, ko ta wane kamfani ce? Je ka duba kwalinta, ba za ka ga an rubuta komai a kai ba. Tana zuwa da tarin manhajojin da ba ka nema ba, wasu ba sa goguwa, suna cin wuri suna turo talla. Wata rana manhajar banki ta ce wayarka ta tsufa, alhali jikinta garau.

Haka ɗaliban Jami'ar Jos ke faɗawa da kwamfutocin tokumbo. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga cikin tsofaffin da ake jibgo mana ba sa ɗaukar Windows 11. Mai sayarwa ba zai faɗa ba, yaro kuma murfin yake kallo ko yana ƙyalli.

Sai maganar sirri, wadda ta fi damuna, don a nan mu ma muna da laifi. Mutum zai miƙo min waya, ya faɗa min lambar buɗewa, ya tafi kasuwa sai yamma. A ciki akwai hotunan iyalinsa, da saƙonnin banki, da abin da ko ɗan'uwansa bai sani ba. Na taɓa kama wani yarona yana leƙa hotunan wata matar aure da ta kawo gyaran sifika. A ranar ya bar shagona, ubansa ya zo biko har sau biyu na ce a'a. Ba zan ce duk masu gyara haka suke ba, amma ba zan rantse a kan kowa ba. Gyaran sifika ko bakin caji ba ya bukatar lambar sirri. Idan ya zama dole a buɗe don gwaji, ka tsaya a wurin, ka buɗe da hannunka. Ka cire layinka da memori kafin ka ba da ita. Wanda kuma zai sayar da tsohuwar waya ya fita daga asusunsa ya goge ta tas, don sau da yawa ana kawo min wadda aka saya hannu, in tarar da rayuwar mai ita ta farko tana nan ciki.

Ɓarawon yanzu ma layin yake so fiye da wayar. Tun da aka haɗa layi da lambar NIN daga Disambar 2020, ga BVN, ga lambobin tura kuɗi, wanda ya riƙe layinka ya riƙe rabin aljihunka. Saka wa layi makulli, wato lambar sirri, ba ya cin minti biyu, amma a cikin goma da ƙyar in sami ɗaya da ya yi.

Masu ba da bashi ta manhaja kuwa sai dai Allah ya isa. Wani maƙwabcina tela ya ci bashin kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, ya makara kwana biyar, sai ga saƙo ga surukinsa da limamin unguwa da ni kaina wai shi ɓarawo ne a guje shi. Ya zo yana rawar jiki yana cewa, "Malam, ina suka samu lambar surukina?" Na ce shi ya ba su, ranar da ya danna "na yarda" bai karanta ba, kuma ko ya so karantawa da Turanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe. Na san hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai wa irin waɗannan samame a 2022, Google ma ya hana su shiga lambobi da hotuna daga 2023, kuma a Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Har Meta, mai Facebook da WhatsApp, an ci shi tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Madalla. Sai dai tela bai san da ko ɗaya ba, kuma har yau ana turo masa hanyar sauke irin manhajojin nan ta WhatsApp.

Roƙona ga FCCPC da NCC, tun da ita NCC ce ke tantance wayoyin da za a shigo da su: a tilasta wa duk mai kawo waya ƙasar nan ya rubuta a jikin kwali shekara nawa zai yi yana sabunta manhajarta, shekara nawa za a samu batir da sikirin na asali, kuma a ina. A rubuta da Turanci da Hausa da sauran harsunanmu. A kuma leƙa rasit ɗin shagunan da ke buga "kaya in ya fita ba ya dawowa", don doka ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Ku ma 'yan jarida, idan za ku ba da labarin sabuwar waya, ku daina tsayawa a kan kyamara huɗu.

A durowar teburina yanzu haka akwai wayoyi 43, na ƙirga su daren jiya. Yawancinsu injinsu lafiya lau, batir ne ko sikirin aka rasa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ita ya tafi bai dawo ba. Masu jari-bola sun taya su a kilo na hana. Idan akwai jami'in da ke son gani da idonsa, ko wakilinku na Jos, ina buɗe shago ƙarfe tara, ban da Juma'a da nake rufewa daga sha biyu zuwa uku.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran waya,
Titin Ahmadu Bello, Jos.