Kicin ɗin da za mu bar wa 'yan haya ya raba kanmu da maigida

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraren damuwarmu.

Gidan da muke ciki namu ne, ni da maigidana muka haɗa hannu muka saya. Yanzu wurin aikinsa za su mayar da shi wani gari, mun kuma tsayar da magana cewa ba za mu sayar ba, haya za mu bayar idan mun tashi. Ɗakuna da falo fenti kawai suke so. Kicin ne ya tsaya mini a rai, domin kuɗin da muka ware ba zai ɗauke duk gyaran ba, ga shi ni da shi mun kasa daidaitawa kan inda za a zuba shi.

Kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da katakon nan na garin itace da ake matsewa da gam aka yi shi. Ruwa ya daɗe yana ɗiga masa, ya kumbura, in kika danna yatsa sai ya marmashe, kyankyasai kuwa sun samu gida. Mai gyaran famfo da ya duba ya ce bututun da ke cikin bango tsohon na ƙarfe ne, tsatsa ta ci shi ta ciki har ramin ya tsuke, shi ya sa ruwan ba shi da ƙarfi, na farkon safiya kuma yake fitowa ja-ja. Bututun da ke fitar da ruwan datti ba shi da lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa ta tare wari, don haka duk abin da ke cikin kwata a hancinmu yake ƙarewa. Soket ɗin da muke jona butar lantarki fuskarsa ta yi baƙi. Mai wayarin ya ce wayar ta yi siriri, mai lamba 2.5 ake sa wa soket, murhun lantarki kuwa layinsa daban yake so da waya mai kauri.

Shi maigida ido yake dubawa. Ya ce ɗan haya ba ya leƙa cikin bango, abin da ya gani shi yake biya. So yake a zuba sababbin kabad, a shimfiɗa dutsen giranit a kanta, a manna tayil mai sheƙi har sama, wurin yoyon kuma a toshe shi da gam. Ni kuwa gani nake wannan kitso ne da ƙwarƙwata. Ranar da bututun ya fashe, sabon tayil ɗin za a farfasa kafin a kai gare shi, mu biya sau biyu, muna can wani gari ana kiranmu a waya.

Abin da ya fi damuna ma maganar gas ce. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa, tagar kicin ɗinmu kuwa guda ce, tana can sama. Ina so a fitar da tukunyar waje a yi mata ɗan keji, a huda mashigar iska ta ƙasa, a sa sabon tiyo. Anti, 'ya'yan wasu ne za su riƙa shiga wurin nan da rarrafe. Ba zan iya karɓar kuɗin mutum ina sane da abin da na rufe masa da fenti ba.

Duk da haka ban ce maganarsa ba ta da tushe. Babu wanda zai ƙara kuɗin haya don an binne sabon bututu a bango, kuma gidan da ya yi watanni a kulle asara ce.

Ga tsarin da na zauna na yi. Wurin wanke-wanke ya tsaya inda yake, tunda matsar da shi na nufin sabuwar fasa bango da ƙasa. A sauya bututu zuwa na roba, a ja sabuwar waya, a ƙara soket. Kabad na sama jikinsu lafiya lau, a goge su a yi musu fenti, a canza mariƙai da ƙarafan da ke riƙe murafen. Na ƙasa a cire su gaba ɗaya, birkila ya zuba kantar siminti mai tsayin santimita 90 da faɗin 60 kamar yadda aka saba, a lulluɓe ta da tayil, kafinta ya yi mata murafe da filawud, wanda ya fi jure danshi. Tayil na bango a bayan famfo da murhu kaɗai, sauran a shafa fenti mai maiƙo da ake iya wankewa. Na ƙasa a sayi marar santsi, a ajiye kwali ɗaya a gefe, domin in guda ya fashe nan gaba da wuya a samu launi iri ɗaya. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin kuma kada a taɓa shi sai an fasa bangon an ga abin da ke ciki. Da na nuna masa, cewa ya yi kicin ɗin zai fito kamar na makarantar kwana.

To Anti, ta yaya zan fahimtar da shi ba tare da ya ga kamar na raina tunaninsa ba? Akwai abu ɗaya mai ɗaukar ido da za ki ce mu kashe wa kuɗi don shi ma ransa ya yi daɗi? Sannan mu yi aikin yanzu muna ciki, yadda duk inda ya yi yoyo za mu gani mu kira mai aikin, ko mu bari sai dab da tashi don ɗan haya ya tarar da komai sabo? In kuma mun zo rubuta yarjejeniyar haya, wane gyara ne nauyinmu, wanne ne na wanda zai shiga, musamman toshewar bututu da karyewar murfin kabad?

Na gode, a huta lafiya.

Ƙanwarki mai bibiyar wannan fili