Kafin a sayi kyamara saboda yawan zum ɗinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili domin in yi magana a kan wata tambaya da matasa suke yawan kawo mini, musamman idan Sallah ta ƙarato ko lokacin bukukuwa ya kama, wato wace ƙaramar kyamara ya kamata mutum ya saya tsakanin mai dogon zum, wadda take janyo abin da yake nesa, da mai gilashi guda wanda ba ya gaba ba ya baya. Ni ba mai sayar da kyamara ba ne. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, amma na daɗe ina ɗaukar hoto don sha'awa, kuma kowane iri daga cikin biyun ya zauna a hannuna har na san daɗinsa da ɗacinsa.

Abin da ya fi ruɗar mai saye shi ne lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kamar 65x ko 83x ko 125x, domin da yawa suna ɗauka cewa ita ce ma'aunin kyan hoto, alhali lissafin rabawa ne kawai. Kyamarar Nikon P1000 da ta fito a 2018 tana farawa daga milimita 24 ta ƙare a 3000 bisa ma'aunin da masu hoto suka saba da shi, inda yawan milimita yake nuna yadda gilashi yake janyo nesa, kuma idan aka raba 3000 da 24 sai a sami 125. Yayarta P900 ta 2015 tana tsayawa a 2000, shi ya sa aka kira ta 83x. Gilashin da ya fara daga 200 ya ƙare a 600 ninki uku ne kacal, amma yana hango daidai inda mai farawa daga 24 zuwa 600 yake hangowa, wanda ake yi wa kirari da ninki 25. Lambar ba ta faɗin komai game da yawan hasken da yake shiga, balle tsaftar hoton da zai fito. Ya kuma kamata a rarrabe tsakanin zum na gilashi da zum na dijital, wanda yanke tsakiyar hoto ne a kumbura shi, kuma da shi ake tallar kyamarorin nan marasa sunan kirki da suka cika shagunan intanet.

Abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da yake karɓar haske a cikin kyamara a madadin fim na da. Domin gilashi ya kai wannan nisa ba tare da ya yi tsawon taɓarya ba, dole ne a ƙanƙantar da sensar, saboda haka yawancin masu dogon zum suna ɗauke da wadda ba ta wuce milimita 6.2 a tsawo da 4.6 a faɗi ba, abin da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Su kuwa masu gilashi guda irin Fujifilm X100 ko Ricoh GR, sensarsu tana kai wa kusan milimita 23.5 da 15.6, wato filinta ya ninka na waccan kamar sau 13. Misalinsu kamar mutum biyu ne da suka fita tarar ruwan sama, ɗaya da ƙoƙo ɗaya da baho. Idan ana sheƙa ruwa kowa zai samu, amma idan yayyafi ake yi mai ƙoƙo zai koma da ɗan abin da bai isa wanke hannu ba. Ga kuma wata matsala a kan wannan, ƙofar hasken gilashin tana tsukewa yayin da ake janyo nesa: P1000 tana farawa da f/2.8 a ma'aunin ƙofar, wanda ƙaruwar lambarsa take nufin tsukewa, amma a ƙarshen zum ɗinta ta koma f/8, wato hasken da yake shiga ya ragu har sau takwas, daidai lokacin da ƙaramin motsin hannu yake zama girgizar ƙasa a cikin hoto.

Wannan darasi a Ƙofar Kudu na koye shi, a wani Hawan Daushe na shekarun baya. Na tafi da mai dogon zum ina taƙama, kuma da farko ta fitar da ni kunya, domin daga inda na tsaya a bayan jama'a ina iya cika hoto da fuskar mahayi guda, har ana ganin ɗinkin alkyabba da adon linzami, abin da masu riƙe da waya a kusa da ni ba su ko yi mafarkinsa ba. Amma wanda ya san wannan hawa ya san cewa da yamma ake yin sa, kuma mafi armashinsa yana zuwa ne lokacin da rana ta yi sanyi, ƙura ta tashi. Da aka zo jafi, dawakai suna sukuwa, kyamarar ta rasa hasken da za ta tsayar da gudunsu, sai ta ɗaga ISO da kanta, wato ta ƙara wa sensar ƙarfin jin haske, hotunan suka fito yashi-yashi kamar an watsa musu gari, waɗanda ba su yi haka ba kuma suka birkice saboda motsi. Daga cikin abin da na ɗauka a wannan rabin sa'a babu ko ɗaya da na ga ya cancanci a wanke.

Akwai kuma abin da masu yin waɗannan kyamarori a Japan ba su da iko a kansa, wato iskar da take tsakanin mai ɗauka da abin ɗauka. A lokacin hunturu hazo yana shanye launi da kaifin duk abin da ya yi nisa, a bazara kuma zafin da yake tashi daga ƙasa yana sa komai ya riƙa rawa kamar ƙawalwalniya, kuma gilashin da yake janyo abu sau ɗari yana janyo wannan ɓarna tare da shi. Saboda haka milimita 3000 a ƙasarmu ba kullum take aiki ba. Da sassafe, ko bayan an ɗauke ruwa a damina, shi ne lokacinta, kuma ko a sannan tana buƙatar a ɗora ta a kan abin tsayarwa mai ƙafa uku.

Duk da haka ba zan ci amanarta ba, domin akwai aikin da babu mai yin sa a farashinta sai ita. Wanda yake zuwa kallon tsuntsaye a fadamun Hadejia da Nguru, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka a lokacin sanyi, ko wanda yake fatan ganin giwa a Yankari daga nesa, ko mai son ɗaukar wata har a ga ramukan da suke fuskarsa, wannan ita ce kyamararsa. Idan zai nemi irin wannan nisa da babbar kyamara mai gilashin da ake sauyawa, kuɗin gilashin kaɗai zai sayi irinta da yawa.

Mai gilashi guda kuwa wata tarbiyya ce daban. Jerin X100, wanda ya fara fitowa a 2011, gilashinsa daidai yake da milimita 35 kuma ƙofarsa f/2 ce, na Ricoh GR III ta 2019 kuma daidai yake da 28. Tun da gilashin aiki ɗaya aka ƙera shi ya yi, an samu damar gyara shi sosai, kuma da yake sensar babba ce, tana aiki a zauren da ƙwan fitila ɗaya ne, ko a ɗakin suna, ko a wajen ɗaurin aure a cikin masallaci, ba tare da an haska wa dattawa filashi a ido ba. GR III ba ta wuce giram 257 ba, tana shiga aljihun kaftani, alhali P1000 ta haura kilo 1.4, kuma na lura cewa kayan da suke buƙatar jaka a gida ake barin su. Wanda yake son hoto ya matso da ita, sai ya taka da ƙafarsa, ya yi sallama, ya nemi izini. Wannan ni ina ganin alheri ne, domin dogon zum yana koya wa wasu yara ɗabi'ar ɗaukar mutane daga nesa ba da saninsu ba, har da matan aure a wajen biki, abin da addini da al'ada duka ba su yarda da shi ba.

Aibinta na farko tsada ce. X100VI da ta fito a 2024 an sa mata dala 1,599, kuma saboda yayin da matasa suka yi wa wadda ta gabace ta a TikTok, an daɗe ana wahalar samun ta ko da kuɗi a hannu, ta hannu ma ba ta faɗi ba. Leica Q3 kuwa da ta fito a 2023 an sa mata kusan dala 6,000, wannan sai masu hali. Aibi na biyu, wanda masoyanta ba su son a faɗa, shi ne cewa babban gilashin wayar da take aljihun mai saye shi ma guda ne, faɗinsa kuma kusan ɗaya ne da na GR, kuma da rana tsaka, idan a WhatsApp ko Facebook hoton zai ƙare, mutum goma ba lalle ɗaya ya gane bambanci ba. Wayar ce ma ta karya kasuwar, domin kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 10 ba.

Akwai masu tsaka-tsaki, irin su Sony RX10 IV da Panasonic FZ1000, waɗanda sensarsu ta ninka ta masu dogon zum kamar sau huɗu, ta farko tana kai wa milimita 600, ta biyu 400. Da a ce ɗayansu na riƙe a ranar hawan nan, da ban koma gida hannu rabbana ba.

Ko wacce aka zaɓa, ƙura ce babbar abokiyar gaba, domin gilashin da yake fita yana komawa yana zuƙar iska, kuma tun da ba a cire shi, idan ƙura ta sauka a kan sensa sai an kwance kyamarar. GR ta yi suna da wannan lalura duk da tsadarta. Ni kaina na taɓa sayen ta hannu a wajen wani ɗan kasuwa ban gwada ba, sai daga baya na ga ɗigo biyu baƙaƙe a kowane hoton da sararin sama ya fito a ciki. Wanda zai sayi ta hannu ya tsuke ƙofar hasken, ya ɗauki farin bango ko sama, ya buɗe hoton ya duba kafin ya biya. Ya kuma haɗa da batir na biyu, domin a ƙididdigar kamfanonin kansu GR III hoto kusan 200 take ɗauka a caji ɗaya, P1000 kuma 250, ga halin da wutar lantarki take ciki.

Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mini ita ce ya buɗe wayarsa ya duba hotunan da suka ba shi haushi a shekarar da ta wuce. Idan yawancinsu sun lalace ne saboda abin ya yi nisa ya fito kamar ƙuda, kuma da rana aka ɗauke su, to mai zum yake buƙata, kuma milimita 600 za ta ishe shi sai dai idan tsuntsaye ne sana'arsa. Idan kuwa duhu ne ya ɓata su, fuskokin 'ya'ya da iyaye a cikin ɗaki suka fito dishi-dishi, to mai gilashi guda ce maganinsa, ko da tsohon yayi ce ta hannu. Ni dai da na yi wannan bincike a kaina, na tarar jikokina sun fi dawakai yawa a cikin abin da nake ɗauka, saboda haka na ba ɗan ƙanena mai zum ɗin, shi da yake aikin gandun daji, na riƙe ƙaramar.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani malami mai ritaya, daga Kano