Kada digirin koyarwa ya zama ƙofar fita daga aji ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye na arewacin jihar Katsina. Bana shekarata 32 ina riƙe da alli, kuma mafi yawan shekarun nan a aji ɗaya da aji biyu na yi su.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a farkon zangon nan muka yi sallama da wata matashiyar malama wadda, a ganina, ba mu taɓa samun gwanar aji ɗaya kamarta ba. Yaran da suka biyo ta hannunta kafin su shiga aji biyu sun iya haɗa baƙi da wasali, suna karanta gajerun kalmomi da kansu. Ta kammala digirinta na koyarwa, muka taya ta murna, muka yi mata walima da shinkafa da lemo a ofishin hedimasta. Ba a yi wata uku ba takardar canjin wurin aiki ta zo, aka kai ta sakandare a cikin gari. Ita ce ta uku cikin shekara biyar da digiri ya raba mu da ita. Yanzu ajin nata, yara 87, yana hannun wani bawan Allah da ya karanci tattalin arziki, kuma shi da bakinsa ya ce mini bai san ta inda ake fara koya wa yaro karatu ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ƙi malami ya ƙaro ilimi ba, ni ma na bi wannan hanya tun daga tushe. Na fara da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda kwalejojin horon malamai mata suke bayarwa a wancan lokaci. Can aka koya mana yadda ake rubutu a allo layi ya miƙe, yadda ake tsayawa a gefe kada a tare wa yaro gani, yadda ake shiga darasi da waƙa, da yadda ake haɗa kayan koyarwa da kwali da karan dawa. Amma ba zan ɓoye ba, iliminmu bai yi zurfi ba. Na yi shekaru ina koyar da lissafin rabi da kwata ba tare da na san dalilin da ya sa ake juya lamba ta biyu wajen rabawa ba. Da aka ce takardar NCE, wato shaidar malanta irin ta kwalejojin ilimi, ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da za a yarda malami ya koyar da ita, sai na shiga shirin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, don a horar da ɗimbin malaman da aka ɗauka ba shiri. Shekara huɗu ina zuwa cibiyar karatu ranakun ƙarshen mako, in dawo in duba littattafan ɗalibai da fitila.

Daga baya na nemi digiri ta hanyar karatun dogon hutu. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin abin da zan faɗa ba nata ba ne ita kaɗai. Dogon hutu huɗu na yi, duk a tsakiyar damina. Shekarar farko da goyo na tafi. Kuɗin makaranta daga adashi ya fito, a shekara ta uku kuma sai da na sayar da tunkiyata da 'ya'yanta biyu. Mu shida ne a ɗakin da aka gina don mutum huɗu, muna girki a risho a bakin ƙofa, ruwan sama yana feso mana. A zauren lacca mukan haura ɗari uku, wanda bai yi sammako ba sai dai ya tsaya a taga yana rubutu a kan gwiwa. Abin da ɗalibin cikakken lokaci yake karantawa a wata huɗu, mu a mako bakwai ko takwas ake ɗura mana shi.

Duk da haka na amfana, kuma ina gode wa malaman da suka tsaya mana. A can na fara jin sunan Piyaje, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi nazarin yadda tunanin yaro yake girma mataki-mataki. Na daɗe ina ba yara tsakuwa da marafan kwalba su ƙirga, amma sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ɗan shekara shida yake buƙatar ya taɓa abu da hannunsa kafin lamba ta zauna masa a kai. Na koyi yadda ake tsara jarrabawa ta auna abin da aka koyar. Wannan riba ce babba.

Sai dai a dogon hutun nan huɗu, ko sau ɗaya ba a kawo ƙananan yara gabanmu aka ce ga yadda ake koya musu karatu ba. Mun haddace tarihin ilimi tun daga Girkawa, mun rubuta kundin bincike babi biyar, amma babu darasin da ya ce: ga yara 90 a ƙasa kan tabarma, littafi goma, rabinsu ba su karya ba, me za ki yi a minti 30? Wannan tambayar ita ce aikinmu na kullum.

Bari in ba da misalin abin da na gani da idona. Shekara biyu da suka wuce aka turo mana wata ɗalibar digiri gwajin koyarwa. Yarinya mai natsuwa da ladabi, ta rubuta tsarin darasinta tsaf, babu gyara ko ɗaya. Ta shiga aji ɗaya ta juya wa yara baya, ta cika allo da ma'anar haɗawa cikin Turanci. Kafin ta juyo, biyu suna kokawa kan fensir, ɗaya ya yi barci, wata tana kuka tana kiran innarta. Na ga hannunta yana rawa. Bayan tashi ta same ni ƙarƙashin darbejiya idonta cike da hawaye, ta ce, "Mama, ni fa ba a koya mini wannan ba." Washegari na kawo gwangwani cike da ƙwallon dabino, na raba yara goma-goma, na ce ta zauna a ƙasa tare da su, ta ce wa kowane ya ɗauki biyu ya ƙara uku, ya faɗa mata da Hausa nawa ke hannunsa. Cikin mako uku ta kama hanya. Malamin da aka turo ya duba ta kuwa sau ɗaya ya zo a duk zangon. Bai yi minti 15 a ajin ba ya sa hannu a takarda ya hau mota, don yana da makarantu bakwai da zai zagaya a ranar. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum ɗaya aka ɗora wa aikin mutum biyar. Amma makin da ya rubuta shi ne zai bi yarinyar nan har ƙarshen aikinta a matsayin shaidar ta iya koyarwa.

Idan an tuna, a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. An yi ta muhawara tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai kan adalcin abin. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da yawa cikin mutanen nan suna riƙe da takardun shaida masu hatimi. Wa ya buga hatimin? An kori wanda ya karɓi takarda, wanda ya ba da ita kuwa ko tambayarsa ba a yi ba.

Matsalar tun daga bakin ƙofa take farawa. Daga 2022 zuwa 2024, mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince da shi don shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi kuma 100, cikin 400. A jami'a ma kowa ya sani, wanda ya nemi likitanci ko lauya bai samu ba, tsangayar ilimi ake tura shi, ya shiga yana ƙunci yana jiran ranar da zai samu wani aikin. Alhali Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horon malamai, zaƙaƙuran yara ake zaɓo mata daga larduna. Can Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukansu da koyarwa suka fara aiki. Ban raina yaran da suke shiga da ƙaramin maki ba, wasunsu sun zama malamai na kirki a gabana. Amma idan ka ɗauki mai rauni, sai ka ninka masa horo, ba ka rage ba.

Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, da aka kafa a 1993, ta fara jarrabawar cancanta a kwamfuta tun 2017. Abu ne mai kyau a ce malanta tana da lasisi kamar aikin likita. Sai dai zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu a kwamfuta ba ya nuna ko mutum zai iya riƙe aji. Haka ma difilomar koyarwa ta shekara guda da masu digirin wasu fannoni suke yi, wato PGDE: tana taimakon mai koyar da kimiyya a sakandare, amma ba ta isa ta mai da mutum malamin aji ɗaya ba.

Yanzu in dawo kan abin da ya fi damuna. Me ya sa malami yake neman digiri? Mai NCE a matakin albashi na 7 ake ɗaukarsa, mai digiri a mataki na 8, kuma a tsarin da aka saba mai NCE in ya kai mataki na 14 ya tsaya ke nan. To wanda ke da iyali dole ya nemi digiri, haƙƙinsa ne. Amma da zarar ya samu, sai kowa ya ga kamar ya fi ƙarfin firamare. Ranar da na kai takardata ofis don a shigar mini da ita, bayan zuwa na huɗu, jami'in ya dube ni ya ce, "Haba Hajiya, da digirinki me kike yi a aji ɗaya? Ki bari a nema miki kujera a nan." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Na ce masa na gode, a bar ni inda nake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: yaron da ya bar aji biyu bai iya karatu ba, da wuya ya kamo daga baya, haka zai yi ta kwafar abin da ke allo kamar zane har ya kai aji shida. Ajin da aka fi buƙatar gwani shi ake bar wa wanda ya fi kowa ƙarancin horo.

Na ji daɗin dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE, da kuma ɗaga kwalejojin Zariya da Kano zuwa jami'o'in ilimi. Malamar ƙauye za ta samu digiri kusa da gida. Tsorona ɗaya ne: kada digiri ya zama ɗan mowa, NCE da sashen nazarin ilimin firamare su koma 'yan bora, manyan malamai su tattara su koma wajen masu digiri, a bar masu shirin shiga firamare da ragowa.

Don haka ina kira ga shugabannin waɗannan makarantu da hukumomin ilimi na jihohi. Kowace tsangayar ilimi ta riƙe makarantun firamare na gwamnati da ke kusa da ita, ba na 'ya'yan ma'aikata kaɗai ba, ɗalibi ya riƙa shiga aji tun shekararsa ta farko. A sa tsofaffin malaman aji cikin masu ba da makin gwajin koyarwa, tunda mu ke tare da ɗalibin kullum, a kuma ba mu ɗan alawus a kai. A 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira 75,000 kowane zango ga ɗaliban ilimi a jami'a da 50,000 ga masu NCE. Irin wannan tallafi a ɗaura shi da sharaɗin mutum zai koyar a firamare na wasu shekaru. Mafi muhimmanci, a buɗe hanyar da malama mai digiri za ta kai ƙololuwar mataki tana cikin ajinta, ba sai ta koma bayan tebur ba, a kuma ba malamin da ke bakin aiki hutun ƙaro karatu da albashinsa, bisa alkawarin zai dawo makarantar da ya bari. Dokar 2022 ta tsawaita aikin malami zuwa shekara 40 ko ya cika shekara 65 da haihuwa. Jihar da ta yi aiki da ita ta yi amfani da ƙarin shekarun nan wajen sa tsofaffi su raini sababbi.

Akwai wata yarinya a makarantarmu yanzu, mai NCE, da nake koya wa riƙon aji biyu. Ta sayi fom ɗin digiri bana, ni na ranta mata rabin kuɗin. Ina roƙon masu iko su gyara tsarin nan kafin ta kammala, don ranar da ta kawo takardarta ofis a ƙara mata girma a kuma bar mana ita.

Wassalam.

Taku,
Malamar aji ɗaya, daga arewacin jihar Katsina