Wai mai gadi ne? Ku duba labarin Rose Valland

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari?

Gaskiya shirinku na sana'o'i na makon jiya ne ya hana ni yin shiru, inda baƙon naku ya ce wai mai kula da kayan gidan tarihi ai mai gadi ne kawai, sai dai shi da digiri. Haba dai! Na san da raha ya faɗa, amma abin ya tsaya min a rai.

Don Allah ku binciki labarin Rose Valland, wata Bafaranshiya 'yar maƙeri da aka haifa a 1898. Tarihin zane-zane ta karanta, a 1932 ta fara aiki a gidan zane na Jeu de Paume a Paris, kuma fa kyauta, ko sisi ba a biyanta. Da Jamus ta mamaye Paris a 1940 sai 'yan Nazi suka mai da gidan sito, nan suke jibge zanukan da suka ƙwato, yawanci daga gidajen Yahudawa, kafin a yi lodi zuwa Jamus. Shi kansa Goering, ɗaya daga cikin manyan na hannun daman Hitler, ya sha zuwa yana zaɓen na ransa kamar a kasuwa.

Ita kuwa suka bar ta a wurin, ganinta shiru-shiru da ɗan tabarau, ba su san tana jin Jamusanci ba. Shekara 4 baiwar Allah nan tana kasa kunne, tana tsince kwafin takardu a kwandon shara, tana jan masu ɗaure kaya da direbobi da hira, ta koma gida ta rubuta: zanen wane ne, daga gidan wa aka ɗauko, akwati na nawa, wane jirgin ƙasa, ina aka nufa. Da an kama ta ai sai dai wata ba ita ba. A Agustan 1944 bayananta ne suka sa aka tare jirgin ƙasa maƙare da zanuka bai bar Faransa ba, a ƙarshen yaƙi kuma da rubutun nata aka bi sawu har fadar Neuschwanstein a Jamus, inda 'yan Nazi suka ɓoye kayan. Kaya wajen 60,000 aka dawo da su Faransa, kusan 45,000 suka koma hannun masu su.

To mai gadi zai gane zanen Cézanne, shahararren mai zanen Faransa, da kallo ɗaya, ya tuna na gidan wa ne? Aikin kenan, sanin abu da asalinsa da hannun da ya bi, da rajista wadda ba ta ƙarya. Abin haushin ma, sai da ta haura shekara 50 kafin a ba ta cikakken muƙamin mai kula da kayan gidan tarihi.

Ina roƙo ku gayyato mai wannan aikin da kansa ya zo da kundin rajistarsa, shi ma baƙon naku a ba shi kujera kusa da shi.

Naku mai sauraro a kullum.