Gyangyaɗi daban, barci daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin masu fassara sanarwar lafiya da ta kiyaye haɗurra a kan kalmar gyangyaɗi. Sau da yawa sai su ce "barci" kawai su wuce, alhali Bahaushe ya rarrabe abin mataki-mataki.

Jin barci shi ne farko: hamma, ido ya yi nauyi, amma mutum yana cikin hayyacinsa. Gyangyaɗi kuwa na zaune ne ko na tsaye. Kai ya riƙa rinjaya gaba a hankali, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, sai mutum ya yi firgigit ya ɗago, yana cewa "ai ina jin ku". Wanda ya miƙe a kan gado ba a cewa yana gyangyaɗi. Magagi kuma bayan an farka yake zuwa, lokacin da yaro zai tashi yana laluben ƙofa a jikin bango.

Ko a Ayatul Kursiyyu an ambaci biyun daban: gyangyaɗi ba ya kama Allah, barci ma ba ya kama Shi. Malamanmu na Malikiyya sun gina hukunci a kan irin wannan bambanci. Barci mai nauyi yana warware alwala, dogo ne ko gajere. Marar nauyi ba ya warwarewa, sai dai in ya yi tsawo an so a sake ta. Ma'aunin a hannu yake: idan carbi ya suɓuce ya faɗi mai shi bai sani ba, to ya yi nauyi.

Inda abin ya fi damuna shi ne magani. Idan aka ce wa direba Piriton "yana sa barci", sai ya ɗauka in dai bai kwanta ba lafiya lau. Abin da ya kamata a gaya masa shi ne yana sa gyangyaɗi, kada ya riƙe sitiyari bayan ya sha. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 83 cikin daƙiƙa 3, kuma gyangyaɗawa ɗaya ta kai haka. Shi ya sa ake ganin mota ta bar hannunta babu ko alamar birki a kwalta, musamman goshin asuba da bayan cin abincin rana. Sauke gilas da ƙure rediyo ba sa korar sa, goro da kofi kuma jinkirta shi kawai suke yi. A faka a wuri mai aminci a runtsa na minti 15 zuwa 20, a jira magagin ya sake kafin a tayar da mota.

Ina fata editocinku za su riƙa duba wannan kalma kafin sanarwa ta fita.

Naka,
Mai karatu daga Katsina