Sanarwa: Fitar kallon fitilun Kirsimeti a tsakiyar Landan

Assalamu alaikum, iyaye, yayye da ƙanne na wannan zaure. Ina fatan kowa yana lafiya duk da sanyin da ake fama da shi.

Kamar yadda aka tsayar, ranar Asabar mai zuwa za mu fita tare da yara da ɗalibanmu sababbin zuwa domin kallon fitilun da aka ƙawata tsakiyar Landan da su. Za mu haɗu a ƙofar tashar Marble Arch da ƙarfe 4:30 na yamma. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4:00 a wannan watan, don haka kowa ya sallaci Magariba kafin ya iso.

Da ƙafa za mu bi Oxford Street, mu gangara Regent Street inda aka rataya manyan siffofi masu fukafukai na haske a saman titi, mu ratsa Piccadilly Circus, sannan mu tsaya a dandalin Trafalgar wajen bishiyar da birnin Oslo yake aiko wa Landan kyauta kowace shekara tun 1947. A ganina nan ne ya fi cancantar a daɗe, domin akwai filin da yara za su huta.

Duk mai zuwa ya rubuta sunansa da adadin yaransa a nan kafin daren Alhamis. A sa rigar sanyi mai kauri da takalmin da ba ya ciwo, kuma kowane yaro ya riƙe takarda mai lambar wayar iyayensa, saboda cunkoson yana da yawa ƙwarai.

Allah ya kai mu lafiya. Na gode.